Wai ƙafar Yamal ta sa Sifaniya ta rungumi musulmi?

Abba Barsa: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, mai jin haushi ya ji. Abin da Lamine Yamal, ɗan ƙwallon Barcelona, ya yi wa musulunci a Sifaniya, wa'azin shekara hamsin bai yi shi ba. Ƙasar Katolika da ta kori musulmi da takobi, yau yaro mai azumin Ramadan ne ke goye da ita. Ku tuna daren 9 ga Yuli 2024 a Munich, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai. Faransa na gaba da ci ɗaya, yaro ɗan shekara 16 ya lanƙwaso ƙwallo daga wajen yadi na 18, ta daki ƙarfe ta faɗa raga. Bayan kwana biyar suka doke Ingila 2-1 a Berlin, shi ya miƙa wa Nico Williams ta farko. Tun daga ranar 'ya'yan Katolika ke yawo da sunan ɗan ɗan ci-ranin Maroko a gadon bayansu. In wannan ba karɓa ba ce, to mece ce? Ni na ce an gama, sun rungumi musulmi, kuma ƙwallo ce ta yi aikin.

Nura Madrid: Wa alaikumus salam. Tun da sassafe ka fara? Yaro ya ci ƙwallo ɗaya, kai har ka musuluntar da ƙasa guda. Benzema shekara 14 ya yi a Madrid, ya ɗauki Ballon d'Or a 2022, ba mu tara jama'a mun ce an rungumi kowa ba.

Abba Barsa: Benzema baƙo ne, ɗan Faransa, aiki ya zo yi, ya gama ya wuce Jidda. Yamal ɗan gida ne, can aka haife shi, a unguwar Rocafonda ta garin Mataro ya tashi. Wannan 304 da yake yi da yatsu in ya ci, ƙarshen lambar gidan wayar unguwarsu ce, unguwar talakawa 'yan ci-rani. Kuma kai Nura ya kamata ka yi shiru. A filinku na Bernabeu, ranar 26 ga Oktoba 2024 da muka ɗura muku 4-0, aka riƙa zaginsa ana ce masa "moro", kalmar raini da suke jifan musulmin Arewacin Afirka da ita, har sai da 'yan sanda suka kama mutane.

Nura Madrid: Wannan ba zan kare ba, abin kunya ne, kulob ɗin ma da kansa ya yi tir da shi. Amma ka lura da bakinka ka ɗaure kanka? Wata uku kacal bayan kofin da ka ce ya sa an rungume shi.

Yusufa Almeriya: Ina kwananku. Na daɗe ban ce komai a nan ba, amma wannan a ƙofar gidana ake yin ta. Ni ɗan Maraɗi ne ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata ta tara ke nan a lardin Almeriya, a gonakin nan da ake lulluɓewa da leda, muna tsinkar tumatir da tattasai. Abba ƙanena, bari in ba ka labarin wancan wasan ƙarshe da idona, ka ɗauki abin da ka ga dama a ciki.

A wani shagon kofi da giya na kalle shi, don gidanmu ba tashar. Muna baya a tsaye mu huɗu, ni da wasu 'yan Mali biyu da wani Bamaroke, kowa da kwalbar lemo. Gabana akwai wani dattijo, yana da 'yar sarƙa mai hoton Maryamu a wuya, duk sanda Ingila ta kawo hari sai ya ciro ta ya sumbata. Da Nico ya ci, wallahi mutumin nan juyowa ya yi ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, yana ihu yana cewa yaranmu ne, yaranmu ne. Ya sa aka kawo mana wani lemon a kuɗinsa. Ban taɓa jin ni ɗan garin ba ne sai a daren.

Ba a yi sati biyu ba na je neman ɗaki. A waya mun gama magana da mai gidan, har kuɗi mun daidaita, don yarensu ya zauna a bakina. Da na iso ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta tambayi sunana, sai ga shi wai ɗazun nan aka kama ɗakin. A barandar gidan tutar Sifaniya ce rataye tun ta murnar kofi ba a sauke ba. Duka biyun sun faru da ni, a gari ɗaya, a wata ɗaya.

Abba Barsa: Allah sarki Yaya Yusufa. Amma ai dattijon nan hujjata ce. Da can zai rungume ka?

Yusufa Almeriya: Har yau muna gaisawa in mun haɗu, ban hana ka shi ba. Sai dai ba a kwana a cikin runguma, ɗaki ake nema.

Malam Habibu: Madalla da wannan bayani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni inda na tsaya da Abba shi ne kalmar "ƙasar Katolika" da ma "kora da takobi", don ana faɗar su a dunƙule. A 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara teku da rundunar musulmi ya shiga Sifaniya. A 1492 Garnaɗa, daular musulmi ta ƙarshe a can, ta faɗi. Amma ba a ranar aka kori jama'a ba. Tilasta musu shiga kiristanci aka fara yi, suka zauna fiye da shekara ɗari ana zarginsu da yin salla a ɓoye, ana leƙen wanda ba ya cin naman alade, sai daga 1609 Sarki Filibus na uku ya sa aka kwashe su, kimanin mutum 300,000, aka zuba a jiragen ruwa. Ma'ana an gina zama ɗan Sifaniya a kan cewa kai ba "moro" ba ne. Waliyyin da ƙasar ke taƙama da shi, Santiago, akwai siffarsa a kan doki da ake wa laƙabi da mai kashe moro. To wanda ya jefi Yamal da wannan kalma a Bernabeu ba ranar ya ƙirƙiro ta ba, gadonta ya ci.

Kuma mu nan ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu, mai ita Alfazazi mutumin Ƙurɗuba ne. Ibn Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi, garin da yau suke kira Jaen. Alƙali Iyal mai Ashafa ɗan Sabta ne, wato Ceuta, wadda har yanzu tana hannun Sifaniya. Yusufa, lardin da kake ciki ma yana da bashinmu: Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, haifaffen Cuevas del Almanzora ne, nan kusa da kai.

Yusufa Almeriya: Allah gafarta Malam, na sha wucewa ta garin a mota ban sani ba. Ashe ramuwar gayya na zo yi da kwandon tumatir.

Bulus Kafanchan: Ina gaisuwa Malam. Tun ɗazu ake ta Katolika, Katolika, ga ɗan Katolika a cikinku ba a tambaye shi ba. Ni abin da ke ba ni mamaki, mu nan muna ɗauka can kowa na cika coci ranar Lahadi kamar Kafanchan. Ba haka ba ne. Ƙididdigar hukumarsu ta jin ra'ayin jama'a tana nuna waɗanda ke kiran kansu Katolika sun ɗan haura rabi ne kawai, masu zuwa coci da gaske kuwa ba su kai 1 cikin 5 ba. Tun tsarin mulkin 1978, sashe na 16, ƙasar ba ta da addinin gwamnati. Mu ne ma yanzu muke tura musu fada-fada, wato limaman coci, daga Afirka saboda nasu sun tsufa babu magada.

Amma a ƙwallo alamar tana nan daram. A tsohon Camp Nou, a hanyar da 'yan wasa ke bi su fito fili, akwai ɗan ɗakin addu'a da mutum-mutumin Maryamu ta Montserrat, baƙa ce ma. Fafaroma John Paul na biyu ya yi taron addu'a a filin a 1982. Filin Bilbao sunan waliyyi gare shi, San Mames. Madrid in ta ci kofi tana kai shi babban cocin Almudena. Kocin ƙasar, De la Fuente, ba ya ɓoye imaninsa, kuma shi ne ya ɗauko yaron nan ya sa shi a tawagar ƙasa yana ɗan 16.

Malam Habibu: Ita kanta Almudenar daga Larabci take, almudaina, ƙaramar madina. Madrid ɗin ma Majriɗ ce, sarkin Ƙurɗuba Muhammadu na ɗaya ya kafa ta a ƙarni na 9.

Abba Barsa: Nura ka ji, garinku ma namu ne.

Ustaz Kabiru: Ku yi haƙuri in shigo. Ni duk wannan murna ban ga wurin zamanta ba. Wane musulunci yaron nan yake wakilta? Kowa ya ga bikin cikarsa shekara 18 a Yulin 2025, abin da ya jawo surutu har gwamnatinsu ta nemi a bincika saboda wadanni, wato gajerun mutane, da aka ɗauko don nishaɗi. Ya wuce ta gaban gunki ya shiga fili, ga kuros a ƙirjin rigarsa. In misali kuke nema ga Kanoute, tsohon ɗan wasan Mali. A Sevilla ya liƙe tambarin kamfanin caca da ke rigarsa da salatif. A 2007 da za a rufe masallacin da suke salla, ya ciro kusan dala 700,000 daga aljihunsa ya saye ginin. A Janairun 2009 ya ci ƙwallo ya ɗaga riga aka ga sunan Falasɗinu, aka ci shi tarar yuro 3,000, ya biya bai ba da haƙuri ba. Wannan ne namiji. Kuma duk da haka bai canja ƙasar ba, balle mai rawa.

Bulus Kafanchan: Ustaz, a sassauta kalmar gunki, muna nan. Mu ba ma bauta masa.

Ustaz Kabiru: Na janye kalmar saboda zaman tare, Malam Bulus. Sauran maganar tana nan.

Anti Rabi: Ustaz, da girmanka, kai ma ka faɗa ramin da Abba ya faɗa, ta ɗaya bakin kawai ka shiga. Shi ya ɗora wa yaro limancin ƙasa, kai kuma ka tsige shi daga limancin da bai nema ba. Ɗan shekara nawa ne? Namu na gida da ba su da ko sisi me suke yi a wannan shekarun? Ya ce shi musulmi ne, an gan shi yana azumi a sansanin tawagar ƙasa a Maris 2025 lokacin wasanninsu da Holan, sauran tsakaninsa da Ubangijinsa.

Abin da ya fi damuna, duk cikinku babu wanda ya ambaci mace. Musulmin Sifaniya kusan miliyan 2.5 ne, wajen kashi 5 cikin 100, kuna ta auna su da maza goma sha ɗaya a fili. Dubban matan Maroko ake ɗauka kowace shekara su je Huelva tsinkar 'ya'yan itace, kaka ta wuce a mayar da su. Wa ke sa rigar da sunansu? Ku dubi mahaifiyar Hakimi. Aikatau ta yi a gidajen mutane a Madrid, mijinta na talla a titi. Shekara da shekaru tana goge musu daɓe ba wanda ya san fuskarta, sai da ɗanta ya hau wurin 'yan kallo a Qatar ya sumbaci goshinta duniya ta gan ta.

Nura Madrid: Yawwa Anti, Hakimin ma nake son a zo. A Madrid aka haife shi a 1998, a Getafe ya girma, makarantar horon Real Madrid ce ta raine shi. Sifaniya ta kira shi tawagar matasa, ya je ya ga wuri, da bakinsa ya ce bai ji yana gida ba. Ranar 6 ga Disamba 2022 shi ya buga wa Maroko fenaritin ƙarshe, ya ɗan tsikare ta a tsakiya kamar yana wasa da yara, ya kori ƙasar haihuwarsa daga kofin duniya, suka zube suka yi sujada. Brahim Diaz haifaffen Malaga, har ya buga wa Sifaniya wasa ɗaya, a 2024 ya koma Maroko. Munir ma haka. In rungumar ta yi daɗi, me ya sa 'ya'yan gida ke zamewa?

Abba Barsa: Wannan lissafin samun gurbi ne, ba addini ba. Brahim ya ga ba za a riƙa sa shi ba ne. Kuma Maroko ta yi zawarcin Yamal iya ƙarfinta ya ce a'a. Adama Traore iyayensa 'yan Mali ne, Sifaniya ya zaɓa. Ansu Fati ma haka.

Mubarak Kumasi: Ni ta wani gefen zan ɓullo. Kuna ta addini, ni ina ganin fata ce. Vinicius kirista ne, me aka bar masa a Valencia a Mayun 2023? Sai da kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata 8. Su Williams namu ne 'yan Ghana, kiristoci ne. Iyayensu sun ratsa Sahara, wani wurin ba takalmi, uwar na da ciki suka haura shingen Melilla. Ma'aikatan agaji na cocin Katolika ne suka tsaya musu, wani fada ya tarbe su a Bilbao ya sama musu wurin zama. Sunansa Iñaki, shi ya sa da aka haifi yaron a 1994 aka sa masa sunan. Yau Iñaki na buga mana Black Stars, ƙanensa na buga wa Sifaniya, kuma shi ma Iñakin an yi masa kukan biri a fili. Mai zagin bai tambayi wane coci yake zuwa ba.

Yusufa Almeriya: Mubarak, da gaskiyarka rabi. Ni nau'i biyu nake sha, na fata da na suna. Amma Bamaroke fari tas, wanda in ya yi shiru ba ka raba shi da su, shi ma yana shan nasa, wani lokacin fiye da ni. A Yulin 2025 a Torre Pacheco, nan lardin Murcia maƙwabtanmu, wasu samari suka doki wani dattijo ɗan shekara 68. Kafin ka ce kwabo an yi gayya ta intanet, mutane suka zo daga wasu garuruwa da sanduna suna farautar 'yan Arewacin Afirka dare da dare. Waɗanda aka rutsa a gidajensu da yawansu can aka haife su, irin Yamal ne sak, ƙafar hagun ce kawai Allah bai ba su ba.

Sai kuma Jumilla, ita ce ta fi taɓa ni, don ta shafi filin wasa kai tsaye. Ku gane, mu nan ba mu da filin Idi. Masallacinmu gareji ne, ƙofar ƙarfe ake ja sama, mutum tamanin sun cika shi. Ranar Idi sai mu nemi aron zauren wasanni na ƙaramar hukuma. Da asuba muke zuwa da darduma a motar wani mai sayar da nama, mu shimfiɗa a kan layukan ƙwallon kwando. Alƙibla ba ta bi layin ba, sai an karkata, liman yana tsayawa kusan ƙarƙashin kwandon. Kafin 11 mun naɗe mun share, don yara na da atisaye. To a ƙarshen Yulin 2025 majalisar garin Jumilla, gari mai mutum wajen 27,000, ta zartar cewa ba za a ƙara amfani da wuraren wasanninta don wani taro na addini ba. Jam'iyyar Vox ce ta kawo ƙudurin, jam'iyyar PP mai mulkin garin ta goge sunan musulunci daga rubutun ta wuce da shi. Kowa ya san da wa ake. Shekara ɗaya ke nan cif bayan an gama rawa a tituna saboda ƙwallon Yamal. Ka buga musu a fili su yi tafi, ka sa goshi a filin su kawo doka.

Bulus Kafanchan: Yaya Yusufa ka ƙarasa labarin mana. Wa ya fito ya tsaya muku?

Yusufa Almeriya: Gaskiya ɗaya ce, bishop-bishop ɗin Katolika ne. Majalisarsu ta ƙasa ta fitar da sanarwa ta goyi bayan hukumar musulmi, ta ce hana mutane ibada saboda addininsu wariya ce da ba ta dace da dimokuraɗiyya ba. Gwamnatin tarayya ma ta ce a soke. Shugaban Vox, Abascal, mai cewa yana kare Sifaniya ta kirista, sai ya juya ya yi wa bishop-bishop ɗin wankin babban bargo.

Bulus Kafanchan: To kun ji. Mai riƙe da coci ya ce a bar su su yi salla, mai riƙe da tuta ya ce a'a. Ni a ganina yawancin masu ihun nan kiristancinsu irin goyon bayan kulob ne, riga ce ake sawa don a san ba ka cikin waɗancan.

Yusufa Almeriya: Akwai wani da muke aiki tare, direban tarakta. Bai taɓa taka coci ba sai biki ko jana'iza, fada-fada ma zaginsu yake. Amma makon Ista in aka fito da mutum-mutumin garinsu, shi ne a gaba ya sa kafaɗa, yana tafe yana hawaye. Na tambaye shi, ya ce wannan ba addini ba ne, kakansa ne ya ɗauka, ubansa ya ɗauka. Kuma shi ne ke ce mini azumi zai kashe ni a cikin leda, ya karɓi layina na ƙarshe in je inuwa.

Malam Habibu: Don adalci kuma kada mu mayar da su mahaukata masu tsoron banza. Ranar 11 ga Maris 2004 an tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid, fiye da mutum 190 suka mutu, ma'aikata da ɗalibai masu sammakon fita, cikinsu har da 'yan ci-rani. A Agustan 2017 aka bi ta kan mutane da mota a titin Rambla na Barcelona, da harin Cambrils mutum 16 suka rasu. Wanda ya rasa ɗa a nan ba za ka ba shi haƙuri da Alfiyya ba. Kuma Abba, ga abin da ya fi karya maganarka: yaran da suka yi na 2017 a garin Ripoll suka tashi, can suka yi makaranta, suna jin yaren Kataloniya kamar kowa, suna buga ƙwallo da yaran unguwa. Ƙwallon ba ta tsare su daga mugun malami ba. To yadda ba daidai ba ne a auna musulmi miliyan biyu da rabi da waɗannan, haka ba daidai ba ne a auna matsayinsu da Yamal mai lamba 10.

Ustaz Kabiru: A nan kam na bi Malam.

Nura Madrid: Wai ni ba wanda zai yi maganar kuɗi? A 1920 Sarki Alfonso na 13 ya ba Madrid kambin da ke kan tambarinta, da ɗan kuros a samansa. A 2014 da aka ƙulla ciniki da bankin Abu Dhabi, sai ga tambarin a katin bankin babu kuros. Barsa da ta yi shekara fiye da ɗari ba ta sayar da gaban rigarta ba, Qatar ta fara saya. Super Cup ɗinsu a 2020 aka fara kai shi Saudiyya. Kofin duniya na 2030 da Maroko za su shirya. Musulmi mai jirgin sama har kuros ake cire masa kada ransa ya ɓaci. Musulmin da ya zo a kwalekwale, a 2024 kaɗai sama da mutum 46,000 suka sauka a tsibiran Kanari, shi ko zauren kwando sai ya yi roƙo.

Anti Rabi: Yau dai Nura ka yi magana, har ka taɓa kulob ɗinka.

Abba Barsa: To shi ke nan kun taru a kaina. Amma ku ba ni wannan: a Faransa hukumar ƙwallonsu ta hana a tsayar da wasa don a sha ruwa, ta hana mata sa hijabi a wasanninta, kotu ta goya mata baya a 2023. Sifaniya ba ta da irin dokar nan. Kuma akwai yarjejeniyar 1992 da ta ba musulmi haƙƙin abincin halal da auren musulunci da koyar da addini a makarantun gwamnati. Ba komai ba ne wannan?

Yusufa Almeriya: Abu ne, a takarda. A takardar ma har maƙabarta an ce a ba mu. Bara wani ɗan Gao da muke ɗaki ɗaya ya rasu, garinmu ba wurin binne musulmi, na kusa da mu sun ce sai mazaunin garinsu. Kwana goma sha ɗaya yana cikin firji muna bin gareji-gareji da kwali muna haɗa kuɗin jirgi. A takardar haraji akwai akwatin da za ka yi wa alama a ba cocin Katolika kashi 0.7 cikin 100 na harajinka. Ni ma ina biya tunda na sami takardun zama, na duba sama da ƙasa ban ga akwatin masallaci ba. Birnin Barcelona da kake taƙama da shi, duk yawan musulmin Kataloniya, har yau ba shi da babban masallaci ginanne irin na Madrid da aka buɗe a 1992.

Bulus Kafanchan: Wannan na kwali da firji ya taɓa ni. Ban so in faɗa ba, amma akwai wani gari a nan arewa da na yi aiki shekara shida, ikilisiyarmu na neman takardar fili ana ce mana a dawo gobe. A ajin makaranta muke taruwa. Da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a 2018 kuwa, da ni aka yi ta tsalle a gidan kallo, wani har goya ni ya yi.

Malam Habibu: Ba ka faɗi ƙarya ba Bulus. Na san musulmi a kudu su ma da irin wannan kukan.

Alhaji Mai Gidan Kallo: Kai jama'a, na bar waya na je sayen man janareta, na dawo na tarar da saƙo fiye da ɗari. Abba, ka janye ko kana nan?

Abba Barsa: Na rage, ban janye ba Alhaji. Na yarda ba a gama ba. Amma yaron da ya tashi da hoton Yamal a bangon ɗakinsa, in ya girma ya zama mai gidan haya, ba na jin zai rufe wa Yaya Yusufa ƙofa. A nan na tsaya. Yaya, don Allah in za ka zo gida ka riƙo mini jesi ta asali mai lamba 10.

Yusufa Almeriya: Ta asalin kuɗinta ya fi aikina na kwana biyu a cikin leda. Ta 'yan Senegal masu shimfiɗa a bakin titi zan sayo maka, ita ma can aka saye ta ai.

Ustaz Kabiru: Kuma kada ka shigo mana sahu da ita, akwai kuros a tambarin.

Abba Barsa: Malam Habibu, wai da gaske salla ba ta yi da ita?

Malam Habibu: Wannan ka same ni a zaure bayan la'asar, ba a nan ba.

Yusufa Almeriya: A garejinmu dai ranar Juma'a rabin yaran da ita suke zuwa. Ladaninmu wani tsoho ne ɗan Nador, yana ajiye salatif a aljihun jallabiyarsa, yana tsaye a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ya yanko ya manna masa a kan kuros ɗin. Suna fita suke ɓarewa su liƙa a jikin ƙofar ƙarfen, yanzu gefenta ɗaya ya yi fari fat. Bari in tashi, motar gona ta iso.